Kwalba ta Arba'in da Ɗaya

Ƙarfe huɗu na asuba nake kafa sikeli
a bakin gonar rake, gindin dutsen nan mai hayaƙi.
Nikaraguwa ba ta gama barci ba,
amma maza sun riga sun wasa adduna.
Ɗaya bayan ɗaya suke hawa,
kowa ya tuɓe takalmi, ya tsaya cik kamar mai laifi,
ni kuwa in duba, in rubuta.

Wilfredo, sittin da uku.
Nestor, hamsin da takwas da ɗoriya.
Eulalio na dariya, wai in haɗa da nauyin bashin da ke kansa.

Likitar da ta zo daga jami'a ta koya mini:
a ɗaura musu ma'aunin bugun zuciya a ƙirji,
a ba kowa kwalba mai lamba,
ban da suna, lamba kawai.
Na ce to.
Sai dai ni a garin nan aka binne cibiyata.
Sha bakwai shi ya koya mini hawan keke.
Talatin ya auri 'yar maƙwabciyarmu.
Arba'in da ɗaya kuwa, nono ɗaya muka sha.

Kafin hantsi rana ta fito da haƙora.
Jiya aka ƙona gonar, tokar ba ta huce ba,
wuta sama, wuta ƙasa,
mutum a tsakiya kamar masara kan garwashi.
Gwargwadon sara, gwargwadon biya,
shi ya sa inuwa ke da tsada:
minti goma a ƙarƙashin rumfa
kwanon wake ne da ba zai isa gida ba.
Ina bin su da jarka, ku sha, don Allah ku sha,
su kurɓa a tsaye, ido na kan layi.

Da la'asar sikeli ya faɗi abin da baki ya ɓoye.
Wilfredo ya bar kilo biyu a gona,
ba wanda ya ga inda suka zube.
Gishiri ya zana masa taswira a bayan riga,
ta wata ƙasa da ba a raɗa wa suna ba.

Sai kwalabe.
Na jera su bisa tebur, haske na ratsa su.
Da safe kamar ruwan lemun tsami suke,
yanzu wasu sun koma shayi,
wasu gahawar da aka manta kan wuta.
Ta arba'in da ɗaya sau biyu na ɗaga ta.
Hannuna bai yi rawa ba, an horar da shi.
Na rubuta launi, na rubuta awo,
na tura ta cikin ƙanƙara tare da sauran.

Likitar ba ta da kwana-kwana.
Ta ce ƙoda ba ta kuka sai ta kusa gazawa.
Ta ce akwai zafi, akwai ƙishirwa, wataƙila da wani abin,
bincike ba ya tsalle, sai an tara shekaru.
Na ce unguwarmu ai ta riga ta tara.
Zo ki ƙirga matan da ke kwana su kaɗai,
ki ƙirga addunan da suka yi tsatsa a bayan ƙofa.
Ta yi shiru.
Can ta buɗe littafi ta ce, faɗa mini, zan rubuta.

Mahaifinmu bai kai hamsin ba.
Ƙafafu suka kumbura, abinci ya daina zama.
Lokacin babu kwalba, babu sikeli,
aka ce kwana ne ya ƙare, aka rufe shi,
washegari motar gona ta zo kamar kullum.

Daren nan Eulalio na kwance a gadon lilo,
ƙafa ɗaya na tura ƙasa.
Ya ce, Yadira, me kwalbata ta ce?
Na ce sai an kai birni tukuna.
Ya ce, tun muna yara ba ki iya ƙarya ba.

Na miƙa masa kofi, ya shanye.
Na sake cikawa.
Rediyo ta ce gobe za ta fi yau.
Na saita agogo uku da rabi,
na goge toka daga fuskar sikeli.